Kada A Taɓa

Kafin wata a cikinku ta rubuto tana tambayata, bari in amsa tun yanzu. Eh, zane da ƙira nake koyarwa. Eh, ɗalibaina makafi ne. Na san dariyar da ta taso miki, yi abinki, ba ke ce farau ba. Goggona, yayar Babana, ta riga ki da shekara biyu, kuma har yau ba ta gama ba.

Ranar da na kawo takardar ɗaukar aiki gida, Goggo ta karɓa ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Auta, shekara huɗu kina jami'a kina ɓata riguna da fenti, ashe nan za a ƙare? To wa zai ga abin da kuka yi? Lallai kin samu aikin da ba mai kama ki da kuskure."

Mama kuwa, na lura, in maƙwabta suka tambaye ta aikina sai ta ce, "Tana koyarwa," ta yi maza ta tambaye su jikin yaransu.

Bari in kai ku ajina ku gani. Shi ne na ƙarshe a baranda, jikin ɗakin ajiya. Dogayen tebura biyu, kujeru goma sha ɗaya, da bokitin yumɓu a kusurwa, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu don kada ya bushe. A kan kanta akwai zare mai kauri da siriri, gam, waya, maɓallai, guntayen yadi da takardar goge katako. Kowane abu da mazauninsa. Wadda ta ɗauke almakashi daga gwangwanin dama ta mayar na hagu, ta ɗauki alhakin mutum goma. Muna da allon roba, in ka ɗora takarda a kai ka ja layi da biro sai layin ya taso, yatsa ya bi shi. Uku daga cikin 'yan matan suna gani dishi-dishi. Su da baƙin alƙalami mai kauri suke zane, hanci na gogar takarda, su tashi da tawada a kumatu.

Doka ɗaya ce a ajin, kuma ni na kafa ta: in suka tambaye ni abin da ke gabansu, zan faɗa musu yadda yake. In tukunya ta karkace, ta karkace. Sun gaji da mutanen da ke ce wa aikinsu "ya yi kyau" tun kafin su duba.

A cikinsu akwai wata 'yar shekara goma sha uku da muke kira Lauya. Bakinta ya fi sandarta saurin isa wuri. Ita ce ta raɗa wa mutumin da zan ba ku labarinsa suna.

Wata Talata ya zo. Muna tsakiyar murza yumɓu sai Lauya ta ɗaga kai ta shaƙi iska, ta ce, "Anti, an buɗe shagon turare a makarantar nan?"

Sai da aka yi minti biyar sannan mai turaren ya iso. Dogo, farin yadi mai sheƙi, agogo kamar murfin kwalba. Shugabar makaranta na gefensa tana murmushin da ban taɓa sanin tana da shi ba, a bayansu mutum biyu ɗauke da katan, sai mai ɗaukar hoto. Shugaba ta ce yana da gidauniyar taimakon jama'a, kuma ya kawo mana gudummawa.

Aka buɗe katan. Fensira masu launi. Littattafan shafa kala, masu hoton giwa da jirgin sama.

Ya durƙusa gaban Lauya, ya ɗan juya kafaɗa yadda kyamara za ta same shi, ya buɗe murya kamar mai kiran wani a tsallaken titi. "YA-YA SU-NAN-KI?"

Lauya ta ce, "Ranka ya daɗe, ido ne ba mu da shi. Kunnen yana aiki."

Ya yi dariya, kuma ba zan ɗauki alhakinsa ba, dariyar gaske ce, har ya manta da kyamara. Ina jin wannan dariyar ce ta cuce ni. Daga ranar ya zama Mai Turare a bakin kowa, har Malamin Rubutu, dattijon da ke koya musu rubutun makafi, wanda shi ma ba ya gani kuma ba ya shiga maganar mutane sai ta kama.

Washegari saƙo ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba.

"Barka da safiya, fitilar marasa gani."

A ƙasa hotonsa ne yana miƙa wa wata tsohuwa bargo. Na amsa, "Wa ke magana?" Ya turo wani hoton, yana miƙa wa wani keken ɗinki. A wata uku na farko ban taɓa ganin hotonsa hannu sake ba. Kullum yana miƙa wa wani wani abu, kullum wanda ake miƙa wa yana kallon ƙasa.

Za ku ce me ya hana ni toshe lambar. To ku ji. Shekarata ashirin da tara. Ƙawayena na jami'a duk sun koma turo hoton 'ya'ya cikin kayan makaranta. Kuma mutumin yana da abubuwan da ba ya ɗauka a hoto. In ya ce ƙarfe huɗu, huɗu saura zai yi fakin. Sau ɗaya na ambaci ciwon gwiwar Mama, bayan kwana biyu ya zo da likita har falonmu, babu mai kyamara. Yana sauraron Baba yana ba da labarin aikin da ya bari shekara goma da suka wuce, bai taɓa duba agogo ba. Sai in zauna ina ta lissafin wane ne shi a cikin mutum biyun nan.

A gida kuwa an gama lissafi. Duk ranar da zai zo, Mama za ta buɗe kabet ɗin gilashin nan da tun ina yarinya ban taɓa ganin an ci abinci a farantan cikinsa ba, ta fito da kofuna masu bakin zinare. A cire ledar kujeru. A kore ni in canza mayafi sau biyu. Goggo, wadda da sau ɗaya take zuwa a wata, ta koma zuwa duk ƙarshen mako da jakar kayanta.

"Ke dai kin taki sa'a," in ji ta. "Allah ya dubi wahalar da kike yi da taɓon nan, ya aiko miki mai cire ki. In kin shiga gidansa ko cokali ba za ki wanke ba, balle ki riƙa dawowa da ƙasa a farce kamar mai haƙar rijiya."

Na ce, "Goggo, ni ban ce zan bar aiki ba."

"Ba ki ce ba. Gidan ne zai ce."

A falon nan, wata Lahadi, ya kawo maganar baje kolin. Ya ajiye kofi ya ce yana so duniya ta ga aikin yaran. Zai kama babban zaure a otal, ya gayyato manyan mutane. Na yi murna sosai, domin tun da na fara aiki babu wanda ya taɓa ganin abin da suke yi sai ni da mai shara.

Na ce, "Da sharaɗi ɗaya. Komai a bar shi a fili. Su da hannu suke kallo."

Ya ce, "Duk yadda kike so, fitilata."

Goggo, da ke bayan labule tana gyaran abin da bai lalace ba, ta yi gyaran murya irin ta gamsuwa.

Mako shida muka yi muna aiki. Wata ta yi keke da waya. Wata ta manna zare a katako ta fitar da hanyar da take bi kullum daga ɗakin kwana zuwa ɗakin cin abinci, har da maɓalli a inda take yawan tuntuɓe. Lauya ta ce ita fuskar uwarta za ta yi.

Uwar tana sayar da kayan miya a kasuwa. Sau huɗu Lauya tana gina fuskar tana rushewa. Ta je gida ƙarshen mako ta dawo ta ce, "Anti, na sake dubawa, hancin ya fi haka karkata." Ta sa tsinke ta ja tabo a saman girar hagu, inda kwanon rumfa ya taɓa yankar matar. Ta fitar da wushirya. Ta bar bakin a buɗe.

Na ce, "Ba za ki rufe bakin ba?"

Ta ce, "Ban taɓa samun sa a rufe ba."

Ranar da ta gama, na rufe ido na bi fuskar da yatsuna kamar yadda suka koya min, na ji mace tana tsakiyar ciniki. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba a duk shekaruna na jami'a, kuma na faɗa mata haka.

Yanzu ga inda zan tona kaina, don kada ku ɗora masa laifin duka. Saura kwana uku, mutanensa suka zo suka kwashe kayan a mota. Da yamma ina wurin tela, an kafe ni da allurai ana gwada min doguwar riga shuɗiya mai aikin duwatsu a wuya, sai saƙonsa ya shigo.

"Kayan sun iso lafiya. Na sa wani ƙwararre ya ɗan shafa musu hannu don su fito a hoto."

Na karanta da ido ɗaya, ɗayan yana kan madubi. Na zaci ƙura za a goge. Na tura masa alamar babban yatsa. Na ƙara da zuciya ja. Wannan zuciyar har yau tana nan a wayata, in na so ɓata wa kaina rai sai in je in kalle ta.

Ranar Asabar muka isa otal ƙarfe goma, ni da yaran da Shugaba da Malamin Rubutu cikin motar makaranta, kowace yarinya ta sha guga, hannu a kafaɗar ta gaba. A bakin zaure akwai wani ƙaton ƙyalle mai hotonsa, fuskar ta fi ƙofar tsawo. Can ƙasa, wajen aljihunsa, aka rubuta sunan makarantarmu, an ma ci harafi ɗaya.

Ina shiga na tsaya cak. Kowane aiki an kife shi da akwatin gilashi. An zagaye su da jar igiya mai gashi-gashi. A jikin kowane akwati an manna takarda: KADA A TAƁA. Kuma komai ya koma ruwan zinare, keken, tukwanen, komai, sai sheƙi suke kamar kofunan gasar ƙwallo. Babu sunan yarinya ko ɗaya. An dai rubuta, "Daga hannun wata baiwar Allah mai lalurar ido."

Yarinyar da ke riƙe da kafaɗata ta ce, "Anti, ya wurin yake?"

Na ce, "Babba ne."

Ban yi ƙarya ba, amma na san na karya dokata.

Aka zaunar da mu a layi na biyu, inda kyamara za ta same mu ba tare da mun tare manya ba. Goggo na layin farko cikin leshi mai nauyin buhun siminti, tana gaya wa matar da ke kusa da ita, "Surukinmu ne." Aka yi awa ɗaya da rabi ana jawabi. Mutum shida suka yi magana, biyar sun ce "nakasa ba kasawa ba ce," na shidan ya faɗa sau biyu.

Sai mai gabatarwa ya ce yanzu za a ɗanɗana abin da bayin Allahn nan suke ji. Aka raba wa baƙi baƙin ƙyalle, kowa ya ɗaure ido na minti ɗaya. Aka sa kiɗa mai taushi. Wata hajiya ta fara kuka a tsanake, tana tare hawayen da gefen yatsa kada ya ɓata kwalliya. Wani babban mutum ya ɗan ɗage ƙyallen yana duba waya ta ƙasa.

Malamin Rubutu ya karkato wajena ya ce a hankali, "Malama, an gama makantar?"

Na ce, "Saura daƙiƙa ashirin."

Ya ce, "Allah ya ba su lafiya."

Da aka ce a tashi a zaga, Lauya ta kama hannuna ta ce in kai ta wurin nata. Uwarta ma ta iso, ta sha sabon zani da mayafi mai ƙarin guga, ta rufe rumfa rabin yini a ranar ciniki don ta zo. Ta riga mu zagawa. Na gan ta tana bin akwatunan ɗaya bayan ɗaya, tana leƙawa tana wucewa.

"Malama, ina nawa? Yarinyar nan ta hana ni sakat, kullum hannunta a fuskata."

Na nuna mata.

Ta sunkuya ta kalla, ta ɗago ta kalle ni. "Wannan ai matar wani ce."

An cike tabon. An miƙar da hancin. An toshe wushiryar, an haɗe leɓɓan an ja su gefe, murmushi irin na matan da ke jikin kwalin sabulu. Lauya ta miƙa hannu, yatsunta suka bugi gilashi. Ta shafa sama, ta shafa gefe.

"Anti, taga ce wannan?"

"Akwati ne. An kife shi a kai."

"To me ke ciki?"

Jama'a, na yi shekara biyu ina amsa wannan tambayar ba tare da tunani ba. Ranar nan sai na waiga. Na hango Mai Turare can yana gaisawa da manya, na hango Goggo tana kallona, na hango Shugaba da ta gaya min tun a mota cewa rufin ɗakin kwanan yaran yana hannun mutumin nan. Sai kawai na tsallake jar igiyar, rigar duwatsu da komai, na kama akwatin da hannu biyu na ɗaga. Ashe ma ba gilashi ba ne, roba ce, ba ta kai faranti nauyi ba.

Mai gadi ya matso. "Hajiya, an ce kada a taɓa."

Na ce, "Ga mai shi nan."

Lauya ta ɗora hannuwanta. Ta fara daga goshi, kamar yadda take yi kullum. Ta tsaya a girar hagu ta daɗe. Ta sauko hanci. Da ta zo baki sai ta sa babban yatsa tana neman hanyar shiga, babu.

Ta ce, "An rufe mata baki."

Uwar ta ce, "Ba a haifi mai yin wannan ba."

Mai gabatarwa ya hango taro, ya zaci abin daɗi ne, ya rugo da makirufo ya kafa wa yarinyar a baki. "Ga ɗaya daga cikin zakarunmu. Faɗa wa manyan baƙi irin farin cikin da kike ciki."

Lauya ta laluba makirufon ta riƙe da kanta. Muryarta ta cika zauren.

"Wanda ya yi wannan ya iya aiki. Sai dai bai san uwata ba. In an gama da nasa, don Allah a ba ni nawa, zan tafi da shi gida."

Mai Turare ya iso da sauri, yana murmushi da baki kawai. Ya yi ƙasa da murya ya ce min, "Gyara ne kaɗan. Mutanen nan ba za su ba da tallafi a kan abu mai kaushi ba. Kuma ai na gaya miki, kin amince."

Ya yi gaskiya, shi ya sa abin ya fi ciwo. Na wuce akwati na gaba na ɗage, na wuce na gaba. Goma sha ɗaya na jera su a jikin bango kamar kwanukan wanki. Yaran suka bazu da sandunansu kowacce na neman nata. Mai taswirar zare ta shafa katakonta ta ce, "Anti, an ajiye shi kai ƙasa. A haka in na bi, banɗaki zan shiga." Wani baƙo ya tuntsire da dariya, ya zo ya ce ta nuna masa daidai. Ta kama yatsansa ta ɗora a kan zaren. Kafin a jima mutane sun yi layi, har hajiyar mai kuka, tana shafa keken waya tana tambaya yadda aka lanƙwasa ƙafar. Shugaba ta ƙi haɗa ido da ni. Goggo kuwa ta naɗe leshinta ta fice tun kafin a raba abinci, abin da tarihi bai taɓa gani ba.

Na mayar da yaran makaranta, ban da Lauya da ta bi uwarta kasuwa, na isa gida wajen la'asar. Kujeru an mayar musu da leda. Goggo na tsakiya, Mama a gefe tana ninke tsumman da ta riga ta ninke, Baba a kujerarsa da rediyo a kashe.

Goggo ta ce, "Sannu da aiki, mai ɗage gilashi. Kin ɗage gilashi kin ɗage aurenki. Mutum ya kama otal don ke, kin tsallake igiya a gaban manya kamar akuya ta ga ganye. A kan me? A kan taɓo."

"Goggo, fuskar uwarta ce."

"An mayar da ita kyakkyawa, laifi ne? Ni in wani zai cire min shekara ashirin ya shafa min zinare, godiya zan yi."

Mama ta ce a hankali, "Da kin bari an tashi, sai ki yi masa magana a gefe."

Na ce, "Mama, yarinyar a lokacin ta tambaye ni."

Baba ya ɗaga hannu. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Auta, ni ban je ba, ba zan yi shari'ar abin da ban gani ba. Tambaya ɗaya zan yi. Kina son mutumin nan?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da duwatsun rigata.

Ya ce, "Tun makon jiya ya tambaye ni ranar da zai turo manyansa. Ba zan ajiye ɗan mutane a bakin ƙofa ba, kuma ba zan tura ki inda ba kya so ba. Kwana bakwai. In eh, eh. In a'a, ni zan gaya masa da bakina."

Goggo ta ce, "In ma ya dawo."

Na shige ɗaki na zare rigar, duwatsu biyu sun riga sun zube. Na kunna waya sai ta hau rawa a hannuna. Ƙawaye, 'yan ajinmu na da, har matar Yayana, kowa na turo min abu ɗaya. Bidiyo ne a shafin gidauniyarsa. Ga ni nan ina ɗage akwati, an rage gudun hoton, mayafina na tashi a hankali, kiɗa na tsuma zuciya. An yanke maganar Lauya, an bar hannunta kawai a kan zinare. A ƙasa an rubuta: "Yau mun rushe shingen da ke tsakaninmu da su." Mutum dubu huɗu sun danna so. Wata ta rubuta, "Waɗannan ma'aurata Allah ya bar su tare."

Na zauna a bakin gado na rasa dariya zan yi ko kuka. Na fara rubuta masa saƙo, na kai layi tara, na goge. Ina cikin rubuta na biyu kira ya shigo. Lambar uwar Lauya ce, amma muryar ta 'yar ce, a bayanta hayaniyar kasuwa.

"Anti, kin san wa ya bar nan yanzu?"

"Wa?"

"Mai Turare. Shi kaɗai. Na saurara sosai, ban ji ƙarar kyamara ba."

Na miƙe tsaye. "Me ya zo yi?"

"Ya tsaya gaban rumfa ya ba Umma haƙuri. Umma ta yi masa wankin babban bargo, duk layin 'yan tumatir sun ji. Bai tafi ba. Ya ce bidiyon ma yaransa ne suka saka, zai sa a cire. Sai ya tambaye ni me zai yi ya biya."

"Kika ce me?"

"Na ce fuskar Umma ba ta biyuwa, sai dai in sake wata. Amma in da gaske yake, ya zo ajinmu ranar Litinin ya zauna awa ɗaya in yi tasa. Ke da Shugaba kuna tsaye. Ba kyamara. Ba magana. Ba turare, yana sa ni atishawa. Kuma duk abin da ya fito, haka zai ajiye shi a teburin ofishinsa, ba mai shafa masa hannu."

Litinin kwana na biyu ke nan cikin bakwai ɗin Baba.

Na ce, "Ya yarda?"

"Ya yi shiru har na zaci ya tafi, sai dai turaren na nan. Can ya ce ƙarfe nawa."

Uwar ta yi magana daga nesa, tana cewa a kashe waya haka nan, masu saye na jira. Lauya ta yi ƙasa da murya.

"Anti, ki jiƙa yumɓu da yawa. Daga inda muryar nan take fitowa, kan babba ne."